Hoto na Ɗari Biyu da Sha Bakwai

Janareta na tari a bayan ɗaki,
Kaledupa ta yi barci, saura ni da sauro.
Hotuna ɗari uku Hasrun ya kawo da la'asar,
gashinsa na ɗigar gishiri.
Ya dire kyamara, ya ce, "Sauran naki ne,
ni na gama nawa a ƙarƙashin ruwa."

Aikina in raɗa wa kowane murjani suna.
Wannan mai rassa kamar ƙahon barewa, Acropora ne,
to amma wanne a cikin dangi?
Sun fi ɗari, kuma kamar an tsaga kara.
Sai in ja hoton, in ƙara masa girma
har in ga 'yan ramukan da dabbar ke zaune,
in ƙirga haƙoran bakin rami,
shida, sha biyu,
daga nan hoton ya tarwatse, ya zama tsaki,
ya bar ni da alƙalami a sama, ba rubutawa.

Teku ba ta faɗa wa kyamara gaskiya.
Gaba biyar ƙasa ta sace ja,
ta bi da ruwan lemo, ta shafe kowa da shuni.
Wanda ya girma inda igiya ke duka, gajere ne, a murɗe,
ɗan'uwansa na kwari ya miƙe siriri:
jini ɗaya, kama biyu.
Ga shi Hasrun ya sake manta rula.
Wannan curin, kan jariri ne ko ya kai kwalekwale?
Sai in ɗan kifi ya gitta
ya yi mini awo da wucewa.

Mbo Lanting ba ya barci.
Nutso ya cinye masa kunne tun yana saurayi,
tabaransa na katako har yau na rataye a wuya.
Ya jawo kujera, ya kai hanci ga gilashi,
ya ce, "Tsaya. Koma baya.
Wannan na yamma da Hoga ne, kusa da gangare.
Kifi mai bakin aku ne ya gatse kafaɗarsa.
Kujerar Kaka muke ce masa.
Ga inda ya yanke ni." Ya ɗage zane,
tabo fari kwance a gwiwa.

Na ce, Mbo, jinsinsa nake nema,
akwai gurbi a takarda, da Latin ake cikawa.
Ya yi dariya har ya ƙware.
"Ke ƙabilarsa kike tambaya.
Ni shi na sani.
Ubana ya huta a kansa, ya taka shi ya hau sama,
ni ma na taka, bai taɓa ƙorafi ba,
shekara sittin muna gaisawa."

Sai ya yi shiru, ya matso.
"Yaron nan ya cika masa fitila.
Dubi yadda ya yi fari fat.
Launin zuma gare shi, in rana ta take."

Na dubi kifin da ke gefe, rawayarsa lafiya lau.
Na dubi yashi, inuwa na nan.
Ba fitila ba ce.
Wata biyu ruwan na ɗumi kamar an sauke daga murhu,
na ga farin nan a hoto na casa'in, na gan shi a na ɗari da huɗu,
irin farin da ke riga mutuwa zuwa.

Ban ce masa komai ba.
Na rubuta Porites, na sa alamar tambaya,
don hoto ba ya kai ni ga rantsuwa.
A gurbin ƙarin bayani, wanda ba mai karantawa,
na sa: Kujerar Kaka, yamma da Hoga,
ya yanki Mbo Lanting a gwiwa.

Gobe Hasrun zai koma da rula.
Mbo ya ce a tashe shi,
a jirgi zai zauna, ba zai shiga ba,
leƙawa kawai zai yi.
Ya goge tabaransa da bakin riga,
ya fita yana laluben ƙofa,
janareta ta yi tarin ƙarshe, ta bar ni da ƙarar ruwa.