Madubin Kawu Tanimu

Shekara talatin yana jan sarƙa a bayan safiyo,
yana kafa turaku inda titi zai bi.
Da aka sallame shi, fansho bai biyo shi ba,
sai wani tsohon madubin awo mai ƙafa uku
da ofis ta ce ya mutu.
Ya ɗauro shi a bayan keke har ƙauyenmu, gabas da Auyo,
ya ce, mutuwar ofis daban, tawa daban.

Daren da muke gadin kankana a fadama,
injin ban-ruwa ya shanye mansa ya yi shiru,
kwaɗi suka karɓi zance.
Kawu ya ware ƙafafun nan uku a kan kunya,
ya tallafi gajeriyar da fasasshen bulo,
ya ɗaga bakin madubin sama,
inda ba wanda ya taɓa aikensa awo.

Zo, in ji shi. Rufe ido ɗaya. Kar ka taɓa.

Watan kwana bakwai ne.
Ni da na san shi sumul kamar sabuwar ƙwarya
sai na tarar da shi duk zanzana,
ramuka a bakin duhunsa
kamar tabon kududdufi bayan shanu sun sha sun wuce.
Kuma a kife yake.
Kawu ya yi dariya: haka madubin ke nuna kowa,
har hakimi na gani a ciki, rawani a ƙasa.

Zara ta riga ta faɗa bayan giginyu.
Ya juya gabas, ga wani fari da ba ya ƙifta ido.
Wannan ba tauraro ba ne irin sauran, in ji shi,
Mushtari ne, matafiyi.
Na leƙa. Ɗan ƙwallo kamar ƙwayar gurjiya,
ga ɗigo huɗu sun jeru a gefensa
kamar 'yan tsaki a bayan uwa.
Ban gama ƙirga ba ya zame ya fice daga madubin.
Na ce, Kawu, ya gudu!
Ya ce, yana nan. Mu ne muke tafiya,
kai da ni da kankana da Auyo gaba ɗaya.
Na durƙusa na dafa ƙasa da hannu biyu.
Sanyi kawai na ji, da wata tururuwa.

Zuhal ya ba mu wahala.
Sai da raɓa ta jiƙa mana wuyan riga
kafin ya samo shi, ƙanƙane, rawaya-rawaya,
kamar ƙwai zaune a tsakiyar faifai.
Kawu ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya ce, duk faɗin nan,
ba turke ko ɗaya, ba wanda ya kai ƙara kan iyaka.

A daren aka sace mana kankana tara.
Inna Gaje ta ce masu gadin sama,
to ku ci sama.

Bana yana ta rufe masa ido biyu.
Wata ma, ya ce, kamar fitila a bayan zane.
Ni ke ɗaukar ƙafa ukun yanzu,
shi ya riƙo kafaɗata, mu bi kunya a hankali.
In kafa, in sa bulon, in nemo matafiyin.
Yana zaune a kan buhu, fuskarsa ta kalli wani wajen,
sai ya ce, yau nawa ne?

Na ce uku.

Ya ce, ɗayan ya zagaya baya ne, ƙyale shi,
jibi za ka gan shi.
Sannan ya ce, matsa madubin kaɗan,
ina jin mun sake tafiya.