Inda Allura Ke Tsalle

A shagon kawu Tanimu, bayan tashar jirgi a Sabon Gari,
inda ake farke cikin rediyo kamar fiɗar kaza,
wani direban jirgin ƙasa ya bar garmaho jingina
da faifai guda cikin kwali mai warin baƙin mai.
Ya ce zai dawo ran Laraba.
Har yau Larabar ba ta zo ba.

Shekarata sha ɗaya, aikina riƙe dalma
da korar kaji daga bakin ƙofa.
Ran da kawu ya tafi jana'iza Hanwa
na ɗora allura.

Ruwa ya cinye sunayen makaɗan.
Hoto kaɗai ya tsira: baƙin mutum, ido rufe,
yana busa ƙaho kamar wanda aka aika faɗin mutuwa,
ya gaida gida, ya tambayi yara, ya yi maganar damina,
ya ƙi zuwa kan maganar.
Jaz ke nan, in ji kawu, bayan ya murɗe min kunne.

A kiɗa na uku akwai karce.
In allura ta iso nan sai ta tsallake
kamar akuya a bakin lambatu,
ƙahon ya nutse, ya ɓullo can gaba.
Ni na ɗauka haka aka busa shi.

Saje Bitrus, tsohon mabushin sojan Depo,
ya sayar min da ƙahonsa a kan buhun masara biyu.
Ni na liƙe hujinsa da dalmar kawu.
Da na busa masa, ya ɗaga hannu:
"Kai yaro, me ka haɗiye a nan?"
Na ce ba komai. Ya ce, "To, bar shi. Ya fi sauran daɗi."

Shekara arba'in ina busa da wannan giɓi,
a otal-otal, a bikin 'yan reluwe,
a ɗakunan da kujeru suka fi mutane yawa.
Lantana ta san wurin.
Ko tana tankaɗe, in na iso, sai rariya ta tsaya.

Bara wata ɗaliba daga Samaru
ta lalubo min shi a waya, fes, babu karce.
Ashe sauti huɗu ne.
Huɗu tak, kamar takun mai saukowa daga soro.
Na ce ta maimaita. Sau tara.
Na yi godiya, na taka har gadar Kubanni ban san na fito ba.

Da dare na gwada su.
Yatsu suka yarda, leɓe ya ƙi.

Yanzu na san abin da ke ƙarƙashin shirun,
amma in na iso sai in ɗauke numfashi.
Nan na ajiye kawu,
da Saje, da warin dalma,
da kujera guda ko direban zai shigo.