Sawun Wata a Kan Mushtari

Ƙarfe biyun dare a Kiruna.
Rana ta yi balaguro tun makon jiya, ko sallahu ba ta bari ba.
Kofina ya huce.
Ina zaune ina dakon saƙon kumbo
kamar uwar da ɗanta ya tafi ci-rani.

Minti arba'in da ɗoriya yake yi a hanya.
Kafin ya iso hannuna,
wutar da ya gani ta riga ta sake kama.

Ga shi nan: lambobi, layi bisa layi.
Ni nake rina su. Shuɗi na zaɓa,
don hasken da ke ci a ƙoƙon kan Mushtari
yawancinsa ba na idon mutum ba ne.
Sai zoben ya fito a allo,
zoben da duniyarmu za ta faɗa cikinsa
ko gefe ba ta taɓa ba.

Ba zoben nake bi ba.
Ɗigo nake bi, can gefe, mai jan jela,
sawun Iyo, ƙaramin wata mai aman kibiritu,
wanda bai taɓa taka Mushtari ba
amma kullum ga ƙafarsa a kai.
Igiyar maganaɗisu ce ta ɗaure su.
Shekara uku ina auna wannan sawu.
Yau ya kauce daga inda lissafina ya ajiye shi,
kaurin farce kawai.
Cikinmu ni da Mushtari wani ya yi kuskure,
kuma na san ko wane ne.

Ƙwanƙwasa. Heaika mai gadi,
ƙanƙara a gashin baki:
“Solveig, bar na maƙwabta. Namu ya fito.”

Na fita ba safar hannu.
Sama ta shanya kore daga dutse zuwa dutse,
tana kaɗa shi, tana naɗewa,
bakinsa ja-ja kamar an tsoma a jini.
Karnukan ƙauye sun yi tsit.

Kakata ta ce kada a yi masa fito,
kada a nuna shi da yatsa,
in ya sauko, a sunkuya.
Na san sunan kowace ƙwaya da ke faɗowa,
na san iskar da take bugu har ta yi kore.
Duk da haka hannuna na cikin aljihu.

Heaika ya ce, “Na can ɗin, wa ke kallonsa?”
Na ce, “Kumbo.”
Ya ce, “A'a. Wa?”

Hancina ya daskare kafin in sami amsa.
Na koma ciki.
Wani saƙon ya iso ba na nan,
ɗigon ya ƙara gusawa.
Na goge shafi goma sha ɗaya,
na ɗora ruwan kofi.