Inji Ɗaya

Kafin a kira assalatu nake isa,
in yaye masa mayafi kamar mai tada yaro.
Fari ne, da zanen kore a haƙarƙari,
taya uku, kujera huɗu, farfela guda a hanci,
ɗan tsako a tsakanin jiminai
ranar da jiragen alhazai suka cika fili.

Na Alhaji Marafa ne, dillalin fatun jar akuya.
Ni Ladan, rabona sifana da tsumma.

Nakan tatsi mai daga ƙarƙashin fiffike,
in ɗaga kwalbar ga fitila
ko ɗigon ruwa ya kwanta a gindi.
In bi bakin farfela da yatsa
yadda mahauci ke tambayar wuƙa.

Kyaftin Sambo ba ya jiran hantsi.
Ya ce zafin Sakkwato sirantar da iska yake yi,
da azahar fiffike sai ya laluba ya rasa madafa,
jirgi ya cinye titi kafin ya yarda ya ɗaga.
Don haka ƙunshin fata biyu, Alhaji, da butarsa,
ko goro ba a ƙarawa.

Litinin Gusau, Laraba Birnin Kabi.
Wani mako ya kwana bakwai a ɗaure,
ƙadangaru na rabon inuwar cikinsa.
Duk na rubuta, awa da minti,
shekara tara, ina littafi na uku,
ƙafata ba ta taɓa barin ƙasa ba.

Inji ɗaya gare shi.
Masu tsoro sukan ce, in ya mutu fa?
In ce, kai zuciya nawa ka fito da ita?
Wa aka ba ta ajiya?

Rannan Alhaji ya fasa tafiya.
Sambo ya leƙo ta 'yar taga:
"Ladan, mi kaka jira?
Shigo mu ji fulogin da kas sauya."

Na ɗaura ɗamara da hannu mai baƙin mai.
Titi ya zo a guje, ya zo, sai ya sake mu.
Cikina ya tsaya a ƙasa yana kallona.

An ce Rima ta kwanta kamar zaren da ya kuɓuce wa masaƙi,
an ce albasar Kwalkwalawa ta shimfiɗu kamar tabarmi.
Sambo ne ya faɗa, yana nuni da haɓa.
Ni kunnena na cikin inji,
ina bin noti ɗaya ɗaya,
duk wanda na ɗaure, ina tambayarsa ko na ɗaure shi.

Taya ta sumbaci kwalta sau biyu, ta zauna.
Farfela ta yi juyin ƙarshe, shiru ya dawo.

Na buɗe littafi a kan fiffike mai ɗumi.
Minti ashirin da biyar. Inji lafiya.
A gurbin fasinja biro ya tsaya,
sannan ya rubuta sunana a karkace.