Gurbin da Ba Sifili Ba

Ran Alhamis, in jiragen ruwa sun kunna fitilu a Valparaíso,
mukan hau matakala saba'in da uku
zuwa ɗakin da ke saman shagon burodin Herminia.
Mu goma sha ɗaya ne, in ana ruwa mu bakwai,
kowa da kwamfuta a hammata, da gajiyar ofis a wuya.
Majigin sai ya yi tari kafin ya haska bango,
bangon kuma da tsaga, takan ratsa kowane jadawali
kamar rafin da mai taswira ya manta.

Eleuterio ke koyarwa, ba ko sisi.
Shekara talatin ya yi yana kiwon rumbun bayanan wani kamfanin dako,
har gashinsa ya koma kalar gishiri.
Yakan ce: ku ajiye kwafi tun rana na sama,
ba a fafe gora ranar tafiya.
Mukan gyaɗa kai, bakinmu cike da burodi.

A makon nan Baltasar ne ya fito gaban allo,
yaro mai saurin hannu, mai rubuta manhajar kantin magani.
Layi ɗaya aka ce ya goge.
Ya manta sharaɗin, ya danna,
layi dubu arba'in suka tafi kamar an hure toka.
Kunnuwansa suka yi ja. Muka fashe da dariya.
Dattijon bai yi ba.
Ya ce: ba ka rufe cinikin ba tukuna, ɗana, janye.
Ya janye, komai ya dawo mazauninsa,
maganin tari, maganin ciwon kai, sunan kowace tsohuwa.
Na ce a raina, ina ma rayuwa haka take.

Sai darasin gurbin da babu komai a ciki.
Ya zana akwati a allo, ya bar shi wayam.
Wannan, in ji shi, ba sifili ba ne.
Sifili amsa ce: an ƙirga, ba a samu ba.
Wannan kuwa cewa yake, ban sani ba.
Kada ku tara shi da komai, kada ku gwada shi da kowa,
ko da ɗan'uwansa ba ya daidaita.

Fresia, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu ba,
mai riƙe da rajistar ƙungiyar masunta,
ta juyo da kwamfutarta ta fuskance mu.
Kowane kwalekwale da ranar fita, da ranar dawowa.
Wanda ya gina manhajar ya hana a bar gurbi fanko,
don haka a layi na ɗari biyu da shida
wani ya cusa ranar ƙarya don na'ura ta yi shiru.
Ta ce: na yayana ne, Aníbal.
Hunturu biyu ke nan.

Ba wanda ya tauna abin da ke bakinsa.
Daga ƙasa muna jin Herminia tana jan ƙofar ƙarfe.

Eleuterio ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.
Bai yi mata ta'aziyya ba, bai ce a sa rai ba.
Ya ja kujera kusa da ita, ya nuna da ɗan yatsa:
nan za ki sassauta dokar. Kalma biyu ce.
Ta rubuta da kanta. Ta share ranar ƙaryar.
Rumbun ya karɓa, bai yi gardama ba.

Mako mai zuwa, in ji shi, fihirisa da saurin bincike,
kuma wani ya taimaka ya zo da kofuna.

Muka sauko cikin hazon teku.
Fresia na gabana, tana ƙirga matakala a hankali.
Can ƙasa fitilun ruwa suna rawa,
ban iya tantance na masu shigowa da na masu fita ba.