Hawa na Huɗu, Tashar Cebu

Sun ajiye wayar a tsakiyar tebur
cikin leda mai ɗauke da sunana,
kamar gawar da ke jiran danginta.

Madam Villacorta ta juya takarda:
kira arba'in da ɗaya bayan sha biyun dare,
peso dubu tara a cacar zakaru.
"Luzviminda, kina da zakara?"
Ko kaza ba ni da ita.

Ina da Efren, ɗan ƙanwata,
mai kwana a tabarma bayan firji
tun da guguwa ta yaye rufinsu a Bogo.
Ni na koya masa ɗaure takalmi.
Lambar sirrin kuwa da ido ya ɗauka,
ina tsaye ina suyar busasshen kifi.

Ta taga ina hango jirgin Bohol
yana ja da baya.
Shekara sha ɗaya ina rubuta kayansa,
ko buhu ɗaya bai taɓa ɓata a hannuna ba.

"Wa ya riƙe wayar?"
Alƙalaminta na jira.
Sunan yaron ya zo har bakin haƙorana,
sai na tuna takardarsa ta neman aiki
tana hawa na biyu, a ginin nan.
Na haɗiye.
Na ce sakacina ne.

Mako biyu babu albashi. Sa hannu nan, da nan.

Na tarar ya share ɗaki,
ya yi miyar kifi, ya zuba mini,
ya koma gefe yana kallon ƙafarsa.
Gishiri ya yi yawa.
Na cinye.