Toka a Bakin Rumfa

Mu bakwai muka haɗa barga
a wani kango bayan Ƙofar Guga:
turke goma sha ɗaya, rijiya guda,
rumfa guda ta ajiyar harawa.
Ni ke kwana wurin, don ba ni da mai jirana
sai akawalina da tsohuwar tabarma.

Da kaka kowa mai kyauta ne.
Dami ya faɗo, akuya ta ja, ba mai ɗaga kai.
Sai bazara ta kama,
harawar wake ta kamo kuɗin tiyar gero,
aka fara ƙirga da yatsa, ana sake ƙirgawa.

Abashe ya bar arba'in, ya tarar da talatin da shida.
Sada ya ce an zare cikin nasa,
igiya na rawa a ƙugun dami.
Barau kuwa suna kaɗai ya jawo masa harara,
shi da bai taɓa ɗaukar tsinken wani ba.
Ni ba wanda ya ce mini uffan,
goro dai aka daina miƙo mini. Na gane.

Muka ja ƙayar magarya muka kewaye.
Muka rataya gwangwanaye a igiya,
iska ta kwana tana kaɗa mini su, harawa na tafiya.
Muka kawo kare, ya cinye tuwona ya miƙe ƙafa,
ko sau ɗaya bai yi haushi ba.
Nan na zauna da zancen zuci:
kare ba ya haushin na gida.

Daren Laraba na roƙi toka wurin Tabawa mai ƙosai,
na tankaɗe ta da rariya bakin rumfa,
lallausa kamar garin tuwon biki,
na kwanta, na ja minshari da gangan
har na gaske ya zo ya karɓe shi.

Da asuba, fitila a hannu, na duƙa.
Sawu biyar shiga, biyar fita.
Takalmin taya, ƙusa uku a dunduniyar hagu.
Ni na buga su, da dutse, ranar kasuwa,
Maiwada na tsaye da ƙafa ɗaya yana ba ni dariya.

Na juya na dubi gunyarsa a turke,
ana ƙirga haƙarƙarinta daga nesa.
Ashe tun azumi ya sayar da tasa harawar
da autansa ya kwanta asibiti,
bai faɗa wa kowa ba.
Mu nan kunya ke cinye mutum da ransa.

Na ɗauko tsintsiya na share tokar
kafin ladan ya sauke murya.
Da hantsi na ce masa: takalminka na son gyara.
Ya dubi ƙafarsa. Ya daɗe yana dubanta.

Ran Juma'a muka zauna gindin bedi.
Na ce a sa ƙyaure, a sa kwaɗo biyu,
makulli ɗaya gun Abashe, ɗaya a wuyana.
Sada ya riƙe littafi tunda ya fi mu son lissafi.
Kada a fid da dami sai rana na kallo,
kuma da idon mutum biyu.
Kowa ya ce madalla.
Na ce saura ɗaya:
duk mako a bar dami guda a waje,
na wanda dokinsa zai kwana da yunwa, ba tambaya.
Abashe ya ce wannan ai biyan ɓarawo ne.
Na ce huɗu ka rasa a wata, yanzu rabin ɗaya za ka ba da.
Ya yi tsaki, ya yarda.

Tun ranar littafi bai yi gardama da rumfa ba.
Na waje, wani dare yakan tashi,
ni kuwa in juya fuskata bango.
Goro ya dawo. Barau dai har yau ana hararar sa.

Da kaka ta zagayo, Maiwada ya shigo da amalanke,
ya jera dami tara bakin ƙyaure, bai ce komai ba.
Ni bakwai na ƙirga masa.
Ashe barcina ya fi yadda nake zato nauyi.